Tarihin Marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da Yadda Kuɗin Gyaɗa da Auduga Suka Samar da Ayyukan Yi a Arewa

Gabatarwa

Marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, shi ne Firimiyan Jihar Arewa na farko, kuma shi kaɗai ne ya taɓa riƙe wannan muƙami, tun daga shekarar 1954 har zuwa ranar da aka kashe shi cikin watan Janairu na 1966. An yi rubuce-rubuce da dama game da siyasarsa da kuma hidimar da ya yi wa addini. A wannan shafi za mu bi tarihin rayuwarsa ne ta fuska guda, wato inda gwamnatin da ya shugabanta ta samo kuɗi, da inda ta zuba su, da kuma irin ayyukan yi da jama'a suka samu a sakamakon haka.

Mun zaɓi wannan fuska ne domin ta shafi mutanen karkara kai tsaye. A zamanin Sardauna kuɗin man fetur bai taka kara ya karya ba. Kason da gwamnatin Arewa ta zuba a masaƙun Kaduna da sauran masana'antu ya fito ne daga buhun gyaɗa da dilar audugar manomi. Saboda haka duk wanda kakansa ya taɓa kai amfanin gona bakin sikeli a waɗancan shekaru, yana da haƙƙin sanin abin da aka yi da guminsa, kamar yadda ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su san yadda magabatansu suka sarrafa dukiyar jama'a.

Haihuwa da Karatu

An haifi Ahmadu a garin Raba da ke ƙasar Sakkwato a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Raba, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifin nasa ya rasu tun yana ƙaramin yaro. Ya fara da karatun allo a gida, sannan aka sa shi makarantar lardi ta Sakkwato. A shekarar 1926 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce makarantar boko mafi girma a duk faɗin Arewa, ya kuma gama a 1931. A wannan kwaleji ne ya san da yawa daga cikin mutanen da daga baya suka yi aiki tare da shi, ciki har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Bayan ya gama karatu ya koma Sakkwato ya yi aikin koyarwa a makarantar Midil har tsawon shekara uku.

Aikin Hakimci da Zaman Gusau

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Raba, yana da kimanin shekara 24 da haihuwa. Aikin hakimi a wancan zamani shi ne ƙidayar masu biyan haraji, da tattara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwanni, da kai kuɗin baitulmalin En'e, da kula da hanyoyi da rijiyoyi da kasuwanni. Ta wannan aiki ne ya san yadda kuɗin hukuma ke fitowa daga hannun talaka sule-sule, ya kuma san irin wuyar da magidanci ke sha kafin ya haɗa su a shekarar da damina ba ta yi kyau ba.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi gadon sarautar, amma masu zaɓen sarki suka tsayar da Abubakar na Uku. Sabon Sarkin Musulmi ya ba shi sarautar Sardauna, aka kuma tura shi Gusau domin ya kula da gundumomi 14 na gabashin ƙasar Sakkwato. Gusau a lokacin gari ne na ciniki. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta cikinsa zuwa Ƙauran Namoda tun 1929, akwai injin gurzar auduga, akwai kuma kantunan Turawa masu sayen gyaɗa. A nan Sardauna ya ga yadda ake loda amfanin gonar Arewa ɗanye a cikin taragai zuwa bakin teku, sannan a dawo da yadi da sauran kayan da aka sarrafa a Turai a sayar wa mutanen da suka noma audugar.

A shekarar 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, inda aka wanke shi. Wannan shari'a ta sa sunansa ya bazu a tsakanin 'yan bokon Arewa. Daga baya aka sasanta tsakaninsa da Sarkin Musulmi, ya koma Sakkwato ya ci gaba da aiki a majalisar sarki. A 1948 ya tafi Ingila ya yi kwas a kan sha'anin mulkin ƙananan hukumomi.

Shigarsa Siyasa

A shekarar 1949 ya zama wakilin Sakkwato a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin manyanta. A 1952 aka naɗa shi Ministan Ayyuka, daga baya aka ƙara masa da sha'anin ƙananan hukumomi da raya karkara. A 1954 ya zama shugaban jam'iyya, a watan Oktoba na wannan shekarar kuma ya zama Firimiya. Arewa ta samu mulkin kanta ranar 15 ga watan Maris, 1959, Nijeriya kuma ta samu 'yanci ranar 1 ga watan Oktoba, 1960. Duk da cewa jam'iyyarsa ce ke jan ragamar gwamnatin tarayya, Sardauna bai koma Legas ba. Ya bar mataimakinsa Tafawa Ɓalewa a kan kujerar Firayim Minista, shi kuma ya zauna Kaduna.

Jihar da ya karɓa ta fi rabin ƙasar Nijeriya girma da yawan jama'a. Tana da larduna 12, waɗanda suka zama 13 bayan da Lardin Sardauna ya shigo a 1961, ƙidayar 1963 kuma ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 30. Amma makarantun sakandare 'yan ƙalilan ne, manyan masana'antu babu su, mafi yawan ma'aikatan ofis da na jirgin ƙasa da na kamfanoni kuma daga wajen jihar suka fito. Saurayin da bai da gona isasshiya, abin da ya rage masa shi ne cin rani, ko dako, ko haƙar kuza a Filato.

Inda Kuɗin Suka Fito

Domin a fahimci ayyukan gwamnatin Sardauna, dole ne a fara fahimtar Hukumar Sayen Amfanin Gona. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan mulkin mallaka suka karɓe cinikin manyan kayan da ake fitarwa waje. A 1949 suka kafa hukumomi dabam-dabam na gyaɗa da auduga, a 1954 kuma aka mayar da su hannun jihohi, Arewa ta samu hukumarta guda ɗaya.

Ga yadda tsarin yake aiki. Kafin kaka hukuma za ta yanke farashin da za a sayi gyaɗa da auduga a wannan shekara. Kamfanoni da attajirai masu lasisi, tare da yaransu da ke zaune bakin sikeli a kasuwannin ƙauye, su ne za su saya a wannan farashi su miƙa wa hukuma, a biya su ladansu. Hukuma ce kaɗai ke da ikon sayarwa a ƙasashen waje. Buhunan da ke jiran jirgin ƙasa a Kano su ne ake jerawa su zama dalar gyaɗa da ake ba da labari. A mafi yawan shekaru farashin kasuwar duniya ya fi wanda aka ba manomi, sai hukuma ta riƙe rarar.

A tsarin farko an ce kashi 70 cikin ɗari na wannan rara za a ajiye shi ne domin tallafa wa farashi a shekarar da kasuwar duniya ta faɗi, kashi 22.5 a yi ayyukan raya ƙasa da shi, kashi 7.5 kuma a kashe wajen binciken aikin gona. Bayan da hukumar ta koma hannun jiha, sai kuɗin suka ƙara karkata ga ayyukan raya ƙasa, ta hanyar gudummawa da rance ga gwamnati da hukumominta. Ban da wannan kuma akwai harajin da ake ɗora wa kayan da za a fitar waje. A waɗancan shekaru Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kusan dukkanta kuma daga gonakin Arewa take fitowa. Ke nan manomi yana biyan haraji iri biyu: wanda yake ba dagaci hannu da hannu, da kuma wanda ake cirewa daga farashin amfaninsa tun kafin kuɗin su iso gare shi.

Hukumar Raya Jihar Arewa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manufar gwamnatin Sardauna ita ce a yi amfani da rarar kuɗin manoma a jawo jari da ƙwarewa daga waje, a kafa masana'antun da za su sarrafa amfanin gona a gida. Tun 1949 akwai wata hukuma ta bunƙasa noma da ake ciyarwa da kuɗin gyaɗa da auduga, akwai kuma wata ta ba da rance. A 1956 aka haɗe su suka zama Hukumar Raya Jihar Arewa, wadda daga baya aka fi sani da NNDC.

Aikin wannan hukuma kashi biyu ne. Na farko shi ne ba da rance ga hukumomin En'e domin gina kasuwanni da hanyoyi da samar da ruwan sha, da kuma ga 'yan kasuwa da masu sana'a 'yan jihar. Na biyu shi ne sayen hannun jari a sababbin masana'antu tare da kamfanonin ƙasashen waje. A 1959 hukumar ta haɗa hannu da hukumar raya ƙasashen renon Ingila suka kafa wani kamfanin zuba jari mai suna NNIL, domin ƙara yawan kuɗin da za a iya zubawa a masana'antu. A tsawon mafi yawan wannan lokaci Alhaji Aliyu Makaman Bida ne ke riƙe da Ma'aikatar Kuɗi ta jihar.

Masaƙun Kaduna

Babban abin da aka fara gani shi ne masaƙar Kaduna Textiles da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957. Hukumar Raya Jihar Arewa da Hukumar Sayen Amfanin Gona ne suka zuba jari tare da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead and Sons, wanda ya kawo injuna da ƙwararru ya kuma riƙe gudanarwa. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Nijeriya. Da akoko ta fara, wato farin yadin nan mara ado da talaka ke saye ya ɗinka ko ya kai marina, wanda a da sai an yi odarsa daga waje.

An yi dabara wajen zaɓen wurin da kuma irin kayan. Kaduna mahaɗar layukan dogo ce, ga kogi da ke ba da ruwa, ga auduga tana zuwa daga injunan gurza na Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi, ga kuma masu sayen akoko a kowace kasuwa. Da aka ga masaƙar ta karɓu, sai wasu suka biyo baya. Nortex ta zo a 1962, sannan United Nigerian Textiles da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, da Arewa Textiles da jarin kamfanonin Japan, dukkansu kafin ƙarshen 1965. A Gusau ma an kafa masaƙar Zamfara.

Dubban samari daga lardunan Zariya da Katsina da Binuwai da Filato da Kabba da sauransu suka samu aikin albashi a waɗannan masaƙu. A bayan kowane ma'aikaci kuma akwai mai abinci, da mai gidan haya, da tela, da direba, da dillalin yadi, da kuma iyayen da ake aika wa kuɗi ƙauye a ƙarshen wata. Unguwanni irin su Kakuri da Makera da wannan aiki suka cika suka tumbatsa.

Banki, Siminti da Hanyoyin Sufuri

'Yan kasuwar Arewa sun daɗe suna kukan cewa bankunan Turawa ba sa ba su rance. Domin magance wannan, gwamnatin jiha ta haɗa hannu da bankin Intra na ƙasar Lebanon aka kafa Bankin Arewa a 1959, ya fara aiki a 1960, da hedkwatarsa a Kano. A 1962 aka yi rajistar kamfanin siminti na Arewa a Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake da dutsen da ake yin siminti da shi. Sardauna bai ga fitowar buhun farko ba, domin sai a 1967 masana'antar ta fara aiki, da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A Kaduna kuma an gina otal ɗin Hamdala domin saukar baƙi da masu zuba jari.

Wasu manyan ayyukan na gwamnatin tarayya ne, amma Arewa ce ta fi cin moriyarsu, kuma jam'iyyar Sardauna ce ke da rinjaye a Legas lokacin da aka yi su. Daga cikinsu akwai layin dogo da ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, wanda aka yi da rancen Bankin Duniya na 1958, ya kuma buɗe wa manoman gabas hanyar kai gyaɗa da auduga kasuwa. Haka kuma a 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji domin samar da wutar lantarki, aka gama a 1968.

Horar da Ma'aikata

Sardauna ya gane cewa idan aka gina masana'anta ba a horar da 'yan ƙasa ba, to, aikin dako da gadi kaɗai za su samu. Saboda haka gwamnatinsa ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar ma'aikata, ta kuma haɗa ta da horo na gaggawa. Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya ta horar da akawuna da ma'aji da alƙalai da jami'an mulki, ciki har da ma'aikatan En'e. A 1956 aka buɗe makarantar koyon fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. An tura ɗalibai karatu ƙasashen waje da kuɗin gwamnati, a ƙauyuka kuma shirin Yaƙi da Jahilci ya koya wa manya karatu da rubutu, wanda ya taimaki manomi ya iya karanta awon sikeli da takardar haraji da kansa.

Ranar 4 ga watan Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shi ne kuma ubanta na farko. An shigar da tashar binciken aikin gona ta Samaru cikin jami'ar, inda ake inganta irin gyaɗa da auduga da dawa. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga watan Janairu, 1966, mako biyu kafin rasuwarsa. Manufar fifita 'yan Arewa ta jawo suka mai zafi daga kudancin ƙasar, amma ita ce ta samar da rukunin ma'aikatan da suka riƙe jihohin Arewa bayan 1967.

Inda Aka Samu Cikas

Tarihi ba ya cika sai an faɗi ɓangare biyu. Tun yana raye 'yan hamayya, musamman jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, suna cewa talaka ne ke ɗaukar nauyin tsarin, amma sarakuna da attajirai da 'yan boko ne suka fi cin moriyarsa. Akwai gaskiya a cikin wannan kuka. Manomin da aka rage wa farashi yana ƙauye, masana'antun kuwa sun taru ne a Kaduna da Kano da wasu 'yan garuruwa ƙalilan. An yi rijiyoyi da hanyoyin rani da ɗakunan shan magani, an raba takin zamani, an ba da rancen garmar shanu, amma abin da ya koma karkara bai kai abin da aka ɗebo daga cikinta ba. Manoman da ke kusa da iyaka kuwa sukan tsallaka da gyaɗarsu duk lokacin da farashin can ya fi na gida.

Matsala ta biyu ita ce ta rance. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta Jihar Arewa ta binciki harkokin NNDC, binciken kuma ya nuna cewa an ba da basussuka da dama bisa sanayya da siyasa, ba tare da duba ko sana'ar za ta iya biya ba, kuma da yawa ba a dawo da su ba. Kuɗin da ya kamata su juya su kai ga wasu masu sana'a sai suka maƙale a hannun mutane ƙalilan. Shi kansa Sardauna an shaide shi da cewa bai tara dukiya ba, domin abin da ya shigo hannunsa kyauta yake yi da shi, amma tsarkin hannun shugaba bai wadatar ba matuƙar ƙa'idar ba da rance ba ta da ƙarfi.

Rasuwarsa

Da asubahin ranar 15 ga watan Janairu, 1966, wasu sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari gidansa da ke Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A daren ne kuma aka kama Firayim Minista Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe shi, tare da wasu shugabanni da manyan hafsoshin soja. Sardauna ya rasu yana da kimanin shekara 55, aka yi masa sutura a Kaduna. A harabar gidan da ya zauna ne aka kafa cibiyar tarihi ta Arewa House a 1970, tun shekarar 2000 kuma hotonsa ne a kan takardar Naira 200.

Abin da Ya Faru da Ayyukan Bayansa

Ranar 27 ga watan Mayu, 1967, aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida. A 1968 aka sake wa NNDC fasali ta zama kamfani mallakar waɗannan jihohi, waɗanda yanzu suka kai 19. Masaƙu sun ci gaba da bunƙasa har cikin shekarun 1980, lokacin da sana'ar saƙa ta fi kowace masana'anta a ƙasar nan yawan ma'aikata, Kaduna kuma ta zama cibiyarta.

Amma tushen da aka ɗora ginin a kai ya fara zaizayewa tun da wuri. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman gyaɗa na fitarwa waje, dalar Kano ta ɓace. Kuɗin man fetur ya sa gwamnatoci suka daina dogaro da manomi, hankalinsu kuma ya ɗauke daga kansa. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya ba tare da an tanadi wanda zai riƙa kula da ingancin iri da na auduga ba. Daga nan masaƙu suka haɗu da ƙarancin auduga mai kyau, da rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsufan injuna, da kuma yadin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank a 2006. Masana'antar siminti ta Sakkwato ta tsira, amma ta koma hannun kamfanin BUA. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, waɗanda jarinsu a kan mutane aka zuba shi, su ne suka fi daɗewa suna ba da amfani.

Abin Lura ga Jama'a da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Zamani ya sauya. Gyaran da aka yi a 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 774, mafi yawan kuɗinsu kuma daga asusun tarayya yake zuwa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Wannan ya sa tambayoyin da suka fuskanci gwamnatin Sardauna sun sauko har ƙofar shugaban ƙaramar hukuma da kansila da hakimi da dagaci.

Masaƙar Kakuri ta yi nasara ne domin an gina ta a kan abin da ake nomawa a kusa, ga hanyar kawo shi, ga kuma mai saye yana jira. Kafin a zuba kuɗin jama'a a injin casar shinkafa, ko na matsar man gyaɗa, ko wurin adana tumatir da albasa, ya kamata a tabbatar akwai amfanin gonar da zai ciyar da shi duk shekara, da wutar da za ta juya shi, da mutumin gari da aka horar ya gyara shi idan ya lalace. Ginin da aka buɗe da biki aka kulle bayan wata shida bai samar wa kowa aiki ba.

Haka nan rancen gwamnati amana ce ta jama'a. Idan aka raba shi bisa sanayya, ko wanda ya karɓa ya ɗauke shi a matsayin rabonsa, to, an toshe hanyar wanda ke biye da shi, kamar yadda binciken 1966 ya nuna. Ya dace a riƙa bayyana sunayen waɗanda suka amfana da sharuɗɗan biya a gaban jama'a, ƙungiyoyin manoma da na mata da na matasa kuma su sa ido.

Daga ƙarshe, duk shirin samar da aikin yi a wannan yanki a kan manomi yake tsayawa. Lokacin da aka kula da irinsa da farashinsa da hanyarsa ta zuwa kasuwa, injuna sun juya a Kaduna da Gusau. Da aka yi sakaci da shi, sun tsaya. Muna kira ga jama'ar karkara da su riƙa halartar tarukan da ake tattauna kasafin kuɗin ƙananan hukumominsu, su tambayi nawa ya shigo da kuma inda aka kashe shi, domin dukiyar tasu ce kamar yadda rarar kuɗin gyaɗa ta kasance ta kakanninsu.

Allah Ya jiƙan Sardauna Ahmadu Bello da sauran magabatanmu, Ya gafarta musu kurakuransu, amin.